Garin kuka na leda mai zif: ya ci kuɗinsa, ko a koma wajen mai kwano?

Garin kuka ya shiga kanti. Abin da aka saba auna wa mutum da gwangwani a Kasuwar Rimi ko 'Yankaba, ko a ƙulla masa a 'yar leda a bakin layi, yanzu ga shi jere a kan kanta cikin leda mai zif, da hoton bishiya a gaba da nauyi a rubuce: giram 100, 250 ko 500. Wasu a Instagram da WhatsApp ake tallarsu, a aika wa mutum har Abuja, Legas ko ƙasar waje. Yawancin masu wannan sana'a ƙananan 'yan kasuwa ne, kuma aikinsu bai zo ɗaya ba, don haka sharhin nan a kan kayan ne gaba ɗaya, ba a kan sunan wani ba.

Abin da mai leda yake sayar maka na gaskiya shi ne tankaɗe da tsafta. A wannan fannin ya fi mai kwano nesa ba kusa ba, in dai ya yi aikinsa. Amma launi da ɗanɗano da yauƙi ba a wajen ɗura leda ake samo su ba. Tun ranar da aka tsinko ganyen, da wurin da aka shanya shi, magana ta ƙare. Wanda ya sayi tsohon buhu a kasuwa ya kai inji ya ɗura a leda mai ƙyalli, tsohuwar kuka ya sayar maka da tsada.

Kuka ba alayyafo ba ce da za a yanka a fadama duk wata. A Mali akwai masu shuka ta a lambu suna yankar tohonta tun tana ƙarama, amma mafi yawan wadda ake ci a ƙasar Hausa daga manyan bishiyoyin daji da na cikin gonaki da bayan gari take fitowa. Bishiyar na fitar da sabon ganye gab da faɗuwar damina, ta riƙe shi har kaka, sannan ta kaɗe shi ta tsaya haka nan duk rani. Ke nan kukar da aka saya a watan Maris ko Afrilu ta kakar da ta wuce ce, ko wane ne ya sayar da ita. Ranar da aka buga a jikin leda ranar ɗurawa ce, ba ranar tsinka ba, kuma wannan ne babban abin da ledar ba ta gaya wa mai saye. Ledar da aka ɗura tsakanin Oktoba da Disamba ita ce ake kyautata wa zaton sabon ganye. Wadda aka ɗura a Yuni ko Yuli, duk da tana nuna sabuwar rana, ta fi kowacce zama abin tuhuma, don lokacin ganyen bara ya kusa shekara a buhu, na bana kuwa bai shigo kasuwa da yawa ba.

Tohon farkon damina ya fi laushi da daɗi, sai dai shanya shi wuya gare ta saboda laima, shi ya sa ba a cika samunsa da yawa ba. Ganyen da ke cika buhuna na ƙarshen damina ne, wajen Satumba da Oktoba. In aka makara har ya fara rawaya a bishiya, jijiya ta yi masa yawa, miyarsa kuma salam take fitowa. Ban da haka, ba kowace kuka ce ke da daɗin miya ba. Matan ƙauye sun san wadda ake rububin ganyenta da wadda ganyenta ke da bauri ko ɗaci, ko da bishiyoyin biyu suna kallon juna. A babban buhun kasuwa duk an cakuɗa su. Saboda haka mai leda da zai iya faɗa maka garin da yake saro ganyensa, da wajen wa, ya riga ya yi wa sauran fintinkau. Tambaye shi. In amsar ita ce kasuwa kawai, to tsafta za ka biya, ba zaɓi ba.

Ganyen babbar bishiya yatsu biyar zuwa bakwai ne a kan doguwar sanda ɗaya. Mai aikin kirki yana zage yatsun ya zubar da sandar. Mai neman cika kwano kuwa yana niƙewa har da ita, don tana ƙara nauyi da auki. Inji na iya mai da sandar gari, amma ba ya ɓoye ta: launin garin yana kashewa, ana ganin 'yan zare-zare farare in an baza shi a tafin hannu, yauƙin miya kuma ya ragu.

Sai shanya, wadda ita ce uwa uba. Kukar da aka shanya a inuwa, a kan tabarma ko buhu, a ɗakin da iska ke ratsawa, ana juya ta har ta bushe ƙayau, kore shar take fitowa, kuma ta fi riƙe sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wadda aka baza a tsakar rana tana bushewa da sauri, amma rana na cinye launin da wannan sinadarin tare, ta bar gari mai kalar toka-toka ko ruwan ƙasa. Wadda aka shanya a ƙasa ko a gefen titi ita ce mai yashi, mai ƙura, wani lokaci har da kashin awaki. Akwai kuma kuskuren da ya fi waɗannan muni: tara ɗanyen ganye a buhu ya kwana kafin a baza. Yana ɗaukar zafi, ya yi baƙi, ya fara warin ruɓa, kuma babu tankaɗen da zai fitar da wannan warin.

Duk wannan ana iya gane shi cikin minti goma a gida, kuma ya kamata a gwada ledar farko kafin a sayi da yawa. A zuba cokali ɗaya a kan farin faranti a duba a hasken rana, ba na fitila ba. Kore mai rai ake nema. Kore mai ƙyalli da ya wuce misali, wanda ke rina jiƙaƙƙen yatsa, shi ma abin tsoro ne, don busasshen ganye ba ya haka. A shinshina: ƙamshin busasshen ganye ne mai daɗi, ba warin rumbu ko na funfuna ba. In an ji ƙamshin barkono ko na dawa, injin da aka niƙa ne ba a share ba. A murza tsakanin yatsu biyu, a ɗanɗana kaɗan a tauna da haƙoran gaba. Yashi ba ya ɓuya a nan. Daga nan a zuba ƙaramin cokali ɗaya a kofin gilashi mai ruwa, a kaɗa sosai, a bar shi ya natsu. Yashi shi ne farkon sauka, za a gan shi kwance a gindin kofin. Gwajin yauƙi kuwa, ƙaramin cokali ɗaya a cikin ruwan ɗumi cokali huɗu ko biyar, a dama, a jira minti biyar. Kuka mai kyau za ta kumbura ta kama jikinta, ta bi cokali in an ɗaga. Tsohuwa ko mai sanda za ta kwanta a ƙasa, ruwa ya taso a sama.

A gwajin yashi, ledar kanti ta kirki kan ci jarrabawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa tauna tsakuwa a tsakiyar lomar tuwo. A gwajin launi da yauƙi kuwa ba ta da wani fifiko da aka tabbatar mata. Sau da yawa tsohuwar da ke dakan tata a turmi tana sayarwa a ƙofar gida ta fi ta, don turmi ba ya ɗumama ganye, injin niƙa kuwa in ya daɗe yana aiki yana zafi, zafin ya dusashe launi da ƙamshi.

Ledar kanta tana da nata laifin. Leda garai-garai wadda ake ganin garin ta ciki tana da kyau ga mai saye, amma muguwa ce ga kuka, musamman a kantin da ke da fitilu dare da rana ko a teburin da ke bakin rana. Ka juya ledar: in gaban ya koɗe baya yana kore, haske ya riga ya ci rabonsa. Mafi kyau ita ce leda mai duhu ko mai rufin azurfa a ciki, da 'yar taga ƙarama, an liƙe bakinta da zafi a saman zif ɗin. Zif kaɗai ba hatimi ba ne, kowa na iya buɗewa ya mayar. Ka matsa ledar da hannu. In garin ya cure ya yi dunƙule-dunƙule, laima ta shiga, a bar ta. A jikinta a nemi nauyi, ranar ɗurawa, ranar ƙarewa, adireshin mai yi, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ga wadda aka yi a Najeriya. Da yawa daga masu tallar intanet ba su da lambar, kuma rashinta ba ya nufin kukarsu ba ta da kyau, sai dai babu wanda ya leƙa inda suke aikin, amana ce kawai tsakaninka da su.

Wajen girki, garin leda yana da hali nasa wanda ke ba waɗanda suka saba da na turmi mamaki. Saboda an niƙa shi luƙui, ya fi saurin gudaji. Dalilin shi ne da zarar garin ya taɓa tafasasshen ruwa, na waje yana kumbura ya yi yauƙi nan take, ya kulle busasshen da ke ciki, ruwa ya kasa ratsawa. Gwargwadon laushin gari, gwargwadon saurin wannan kullewar. Kuma ya fi auki, don haka wanda ya zuba shi da ma'aunin da ya saba zai tashi da miya mai kauri kamar talge.

Ga ma'aunin da ke aiki: romo lita ɗaya, garin kuka babban cokali huɗu a shafe, ba a tule ba. In tsohuwa ce sai ta ci biyar ko shida kafin ta kama, wanda shi ma shaida ne a kan ingancinta. A fara gama romon tsaf kafin a taɓa kuka: nama ko ƙashi ko busasshen kifi, albasa, daddawa da aka daka da citta, masoro, kanumfari da barkono, a bar su su dahu har warin ɗanyar daddawa ya fita, abin da kan ɗauki minti ashirin zuwa talatin bayan ta shiga. Masu sa wake su jiƙa shi, su surfe, su daka, su zuba tun farko ya dahu ya narke, don shi ke ba miyar jiki da garɗi. Kanwa kuwa, kamar girman ƙwayar wake ta isa lita ɗaya. A jiƙa ta a tsiyaye ruwan saman, a bar laka. Tana riƙe koren miya, tana taimakon yauƙi, amma in ta yi yawa miyar na yin duhu, ta yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata wasu bitamin. Kuka mai kyau ta bana ko babu kanwa za ta yi.

In romo ya yi, a tsame nama da kifi a ajiye gefe don maburgi ya samu hanya. A rage wuta har tafasa ta kwanta. Hannu ɗaya na barbaɗa gari kaɗan-kaɗan, ɗaya na kaɗawa ba tsayawa. Wanda hannunsa bai saba ba, ya ɗebi romo ludayi biyu a kwano, ya bar shi ya huce, ya dama garin a ciki har ya yi sumul, sannan ya juye a tukunya yana kaɗawa. Wannan hanyar ta fi dacewa da garin leda. A tsaya tun miyar tana da ɗan ruwa-ruwa, don tana ƙara kauri a wuta, ta kuma ƙara in ta huce. A mayar da nama, a bar ta minti biyar zuwa bakwai a ƙaramar wuta, tukunya a buɗe ko a ɗan karkace murfi. In an rufe ruf, tana tasowa ta zube, tururin da ke komawa ciki kuma ya tsinka ta. In ba ta kai wannan lokacin ba, za a ji ɗanyen ganye a maƙogwaro. In ta wuce shi sosai, ta yi baƙi, yauƙin ya mutu. Tumatir da yawa ma na tsinka ta saboda tsaminsa. Man shanu a kan tuwo ake zuba shi, ko bayan an sauke.

Akwai wata leda da ake kira haɗaɗɗiyar kuka, wadda aka cakuɗa garin da daddawa, kayan yaji, gishiri da dunƙule, wai a zuba a ruwan zafi kawai. Wannan ba ta ci kuɗinta ba. Daddawa doguwar dahuwa take so, kuka kuwa gajeriya. In an zuba su tare, ko dai daddawa ta fito ɗanya ko kuka ta ƙone. Gishiri na jawo laima cikin leda, maiƙon daddawa kuma na canza wari in ya daɗe. Ga ɗalibin da ke da risho ɗaya da tukunya ɗaya za ta fitar da shi kunya, iyakarta ke nan. Wadda aka haɗa da garin busasshiyar kuɓewa kaɗai ba laifi, mutane da dama ma haka suke son miyarsu, in dai an rubuta a jiki, ba a yi don ɓoye kukar da ta rasa yauƙi ba.

Bayan ledar shi ne inda masu talla ke sakin baki. Za ka ga an jera ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, ƙarin jini, har da ƙarfin maza. Gaskiyar da ke ciki ita ce ganyen kuka abinci ne mai gina jiki: yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi sosai, yana da na ƙarin jini, yana da furotin daidai gwargwado. A gargajiyance kuma an daɗe ana jiƙa ganyen ko garin a sha don gudawa da atuni, ana dafa ɓawon bishiyar don zazzaɓi, kuma yauƙin nasa na kwantar da ciki. Amma cokali huɗu ne ke shiga tukunyar da mutum biyar ko shida za su ci, sai a lissafa abin da ya kai cikin kowa. Sinadarin ƙarin jini na ganye ma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama, shan shayi a kan abincin kuma na ƙara rage shi. Lambar rajistar abinci ba shaidar magani ba ce. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ci miyar kuka yadda yake so, ya rage gishiri da dunƙule, amma kada ya ajiye ƙwayoyinsa saboda rubutun bayan leda. Yaron da ke gudawa kuwa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc yake bukata da farko, in ta ƙi tsayawa ko akwai jini a tafi asibiti. Mai leda da ya cika baki da waraka, a ƙara sa ido a kan sauran abin da ya rubuta.

Masu saye daga ƙasashen waje su lura da wani ruɗani. Garin kuka da ya cika shagunan Turai da Amurka ba na ganye ba ne, na 'ya'yan ne: fari ko ruwan madara, mai tsami, wanda ake kwalba da nono da shi. Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin abinci a 2008, tun daga nan ya samu kasuwa a can saboda yawan bitamin C da ke cikinsa. Hoton bishiya ɗaya ne a jikin ledojin biyu. Wanda bai duba launi ba zai biya kuɗi mai yawa ya karɓi abin da ba ya miya.

Batun farashi, ledar kanti ta fi tsada a kowane lokaci, amma a yi lissafin da adalci. Kukar kwano sai an sake tankaɗe ta da rariya mai laushi, kuma abin da ke saura a rariyar, sanda da tsakuwa, shi ma kuɗi aka biya. A kwatanta bayan tankaɗe, a kuma kwatanta da yawan cokalin da kowacce ke ci kafin miya ta kama. Ledar giram 250 mai kyau na ba da tukunyar lita ɗaya wajen sau tara ko goma. Ga ƙaramin gida da ke miyar kuka sau ɗaya ko biyu a mako, wannan girman ya fi dacewa. Ta giram 500 za ta koɗe kafin a ga ƙarshenta. Da an buɗe, a juye a kwalba ko roba mai murfi mai kamawa, a sa a kabad mai duhu nesa da murhu, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba a kan tukunya mai tururi ba. Firji ba dole ba ne, kuma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa illa yake yi, don robar na yin gumi a ciki. Gari in ya haura wata shida da niƙawa, ko bai lalace ba ya rage armashi.

Wanda ledar ta fi yi wa rana shi ne mazaunin Legas ko Fatakwal da ba shi da mai aiko masa daga gida, da ma'aikaciyar da ba ta da lokacin tankaɗe, da matafiyi, don leda mai hatimi da rubutun abin da ke ciki ta fi sauƙin bayani a filin jirgi fiye da koren gari a ƙullin da ba suna. Ga waɗannan, a zaɓi mai duhun leda, mai ranar kaka, wadda ba a haɗa ta da komai ba, a fara da ƙarama.

Wanda ke Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram kuwa, yana da abin da ya fi leda da kwano duka: busasshen ganye da ba a daka ba. A nan babu abin da ke ɓuya, ana ganin launi, ana ganin sanda, ana ganin in an cakuɗa da wani ganye. A saye shi a Oktoba ko Nuwamba lokacin da ya fi araha, a tsince, a ƙara masa iskar yini ɗaya a inuwa in da sauran laushi, a zuba a buhu mai tsafta ko bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa. Ganye a haka ya fi gari daɗewa da launinsa, yana kaiwa wata kakar. Duk wata a ɗebi na wata, a daka a busasshen turmi, a tankaɗe sau biyu, tsakin da ya rage a mayar turmi sau ɗaya kawai, abin da ya ƙi wucewa a karo na biyu jijiya ce, a zubar.